Dakta Thomas Addison, Likitan da Ya Gano Ciwon Hular Ƙoda

A wannan fili mun saba kawo tarihin sarakuna da malamai da attajiran ƙasarmu. A wannan fitowa kuwa na ɗauko tarihin wani Bature likita da ya mutu tun 1860, bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Na zaɓe shi ne saboda ciwon da ya gano, wanda har yau ake kira da sunansa, ciwo ne mai ɓuya, kuma ya fi ɓuya a jikin baƙar fata irinmu. Tarin fuka da sanƙarau, waɗanda muka sani sarai a gida, suna cikin abubuwan da ke jawo shi. Mutum yakan yi watanni yana ramewa ana ta ba shi maganin maleriya da taifot, alhali gwajin jini da safe ɗaya zai iya nuna inda matsalar take.

Ɗan mai kanti daga Arewa

An haifi Thomas Addison cikin shekarun 1790 a Longbenton, wani ƙauye kusa da Newcastle a arewa maso gabashin Ingila. Mahaifinsa, Joseph Addison, mai kanti ne da ke sayar da kayan masarufi da garin alkama. Asalin danginsu daga Lanercost ne, a yankin Cumberland, dab da iyakar Sikotilan. Idan muka auna da tarihinmu, yana yaro ƙarami lokacin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira zuwa Gudu a 1804.

Ya yi makaranta a Newcastle, inda ya ƙware a harshen Latin har yakan rubuta darasinsa da shi. A 1812 ya shiga Jami'ar Edinburgh karatun likita, ya gama a 1815, sannan ya gangara Landan neman aiki da ƙarin ilimi. A can ya zauna ƙarƙashin Thomas Bateman, wanda ya shahara a kan cututtukan fata. Wannan zama shi ya zame masa jari har ƙarshen rayuwarsa, domin a hannun Bateman ya koyi kallon fatar majinyaci da natsuwa, ya lura da launi, da tabo, da wurin da ya sauya.

A 1817, shekarar da Shehu ya rasu a Sakkwato, Addison ya shiga Asibitin Guy's da ke Landan a matsayin ɗalibi, duk da cewa yana da digirinsa a hannu. Ya zama mataimakin likita a 1824, ya fara koyar da ilimin magunguna a 1827, ya zama cikakken likitan asibitin a 1837, shekarar rasuwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda shi ma ya bar rubuce-rubuce a kan magani. A asibitin ya yi zamani da wasu likitoci biyu da sunansu ya ɗore: Richard Bright, mai binciken ciwon ƙoda, da Thomas Hodgkin, wanda wani nau'in ciwon daji ke ɗauke da sunansa. Shi da Bright sun wallafa littafin koyar da likitanci a 1839.

Waɗanda suka yi aiki da shi sun bayyana shi a matsayin mutum mai kunya, maras yawan magana, wanda baƙo kan ɗauka girman kai ne da shi. Bai tara masu kuɗi a ɗakin ganin likita na kansa kamar wasu takwarorinsa ba. Rayuwarsa tana tsakanin ɗakin majinyata da ajin ɗalibai da ɗakin binciken gawa. Al'adarsa ita ce ya tsaya a gefen gado ya daɗe, ya yi tambaya, ya saurari ƙirji, ya duba fata da baki da ido. Idan majinyaci ya cika, sai ya bi gawar ya ga ko abin da ya zata shi ne a ciki. Bai yi aure ba sai 1847, bayan ya haura hamsin, ya auri wata bazawara mai 'ya'ya biyu a cocin Lanercost. Shi kansa bai samu haihuwa ba.

Majinyata goma sha ɗaya

A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka da ke zaune kamar hula, nauyinta bai wuce giram 4 zuwa 5 ba. Likitoci suna ce mata adirinal, ni kuwa zan kira ta hular ƙoda don sauƙin magana. Wani masani ɗan Italiya, Bartolomeo Eustachi, ya bayyana ta tun ƙarni na 16, amma aka yi kusan shekara 300 ba wanda ya san amfaninta.

Addison ya iso gare ta ne ta wata hanya daban. Yana binciken wani irin ƙarancin jini mai kisa da ba a san sanadinsa ba, wanda ya yi jawabi a kansa gaban wata ƙungiyar likitoci a kudancin Landan a watan Maris na 1849. Cikin wannan bincike ya lura da wasu majinyata masu kama da juna: kasala mai tsanani, rama, tashin zuciya da amai, bugun zuciya maras ƙarfi, ga kuma fatarsu ta yi duhu kamar tagulla. Duk suka mutu. Da aka buɗe gawarwakinsu sai aka tarar hular ƙodarsu ta lalace.

A 1855, shekarar da Heinrich Barth ya komo Landan daga tafiyarsa ta Kano da Sakkwato da Tumbuktu, Addison ya fitar da ɗan siririn littafi mai hotuna masu launi, ya kawo bayanin mutum 11. Shida daga cikinsu tarin fuka ne ya cinye musu hular ƙoda, wasu kuma ciwon daji ne ya yaɗu zuwa wurin. Wani matashin likita mai suna Samuel Wilks ya taimaka masa a aikin.

Ya kamata mu tuna halin da ake ciki a lokacin. Babu gwajin jini irin na yau, babu hoton ƙirji. Sai a 1882 Robert Koch ya gano ƙwayar tarin fuka, shekara 22 bayan mutuwar Addison. Kalmar homon ma, wadda ake kiran sinadaran da irin waɗannan tsokoki ke zubawa cikin jini, sai a 1905 aka ƙirƙiro ta. Da ido da haƙuri da alƙalami kawai mutumin nan ya kai ga cewa idan wannan 'yar tsoka ta mutu, mai ita ma ba zai rayu ba.

Tarin fuka kuwa a zamaninsa ya cika biranen Ingila, musamman irin su Manchester da Birmingham masu masana'antu, inda talakawa ke cunkushe cikin ɗakuna masu laima da hayaƙi. Unguwarmu ta Whalley Range ma a shekarun 1830 wani mai banki, Samuel Brooks, ya fara yanka ta don masu hali su fita daga ƙazantar tsakiyar gari. Babban ginin nan na College Road da yanzu yake cibiyar tarihin Musulmin Birtaniya an buɗe shi ne a 1843 a matsayin kwaleji, lokacin Addison yana tsakiyar aikinsa a Landan.

Ba kowa ne ya yarda da shi nan take ba. Wasu manyan likitoci sun yi shakka. Amma a 1856 Brown-Séquard ya cire wa dabbobi hular ƙoda a Faris, ya ga ba sa daɗewa suke mutuwa. Wani babban likitan Faransa, Armand Trousseau, shi ya raɗa wa ciwon sunan Addison, sunan kuma ya bi shi har yau.

Ƙarshen rayuwarsa

Addison ya daɗe yana fama da ciwon damuwa mai zuwa yana tafiya. A farkon 1860 abin ya tsananta har ya ajiye aiki ya koma Brighton a bakin teku. Ranar 29 ga Yuni na shekarar ya hallaka kansa. Aka kai gawarsa Lanercost aka binne a garin kakanninsa, tafiyar awa biyu da wani abu daga Manchester idan aka bi M6 zuwa wajen Carlisle. A 1868 Wilks da wani abokin aikinsa suka tattara rubuce-rubucensa suka buga.

Na kawo wannan ɓangare ne da gangan. Mutumin da ya fi kowa iya gano ciwon da ke ɓoye a jikin wasu, ciwon da ke ɓoye a ransa ya kayar da shi, a zamanin da ba a san maganinsa ba. A cikinmu ma akwai masu fama da damuwa, musamman a watannin sanyi da duhu, suna shiru don gudun abin da za a ce. Yau akwai magani, akwai masu saurare, kuma neman su ba abin kunya ba ne.

Abin da aka gano bayansa

Addison ya san ciwon, amma ba shi da abin da zai ba majinyaci. Duk wanda ya kamu, jiran lokaci kawai yake. Sai a shekarun 1930 aka fara tatso sinadarin daga hular ƙodar dabbobi. A ƙarshen shekarun 1940 aka samu kotizon, kuma a 1950 aka ba mutum uku, Kendall da Hench da Reichstein, kyautar Nobel a kan wannan aiki. A 1953 aka gano sinadari na biyu, aldostiron, da hannun wasu masu bincike a Asibitin Middlesex da ke Landan. John F. Kennedy, wanda aka gano yana da ciwon a Landan a 1947, ya rayu da magani har ya zama shugaban Amurka a 1961.

Yanzu an san cewa ɓawon hular ƙoda yana fitar da sinadarai biyu da rai ba ya yi sai da su. Kotisol shi ke riƙe sukarin jini da ƙarfin bugun jini, kuma shi ke tallafar jiki idan an shiga zazzaɓi ko rauni ko tiyata. Aldostiron kuwa shi ke hana ƙoda zubar da gishiri da ruwa cikin fitsari. Idan tsokar kanta ce ta lalace, duka biyun sukan yi ƙasa. Wannan shi ne ciwon Addison. Alamun ba sa bayyana sosai sai kusan kashi 90 cikin 100 na tsokar ya tafi, shi ya sa yake shigowa a hankali kamar ɓarawo.

Abubuwan da ke jawo shi sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A nan Birtaniya, inda masu ciwon suka kai wajen 9,000, mafi yawansu garkuwar jikinsu ce ta juya ta afka wa hular ƙoda. Irin wannan yakan zo tare da ciwon sukari nau'i na ɗaya, ko matsalar maƙoshi, ko ciwon nan da ke sa fata fari-fari. A ƙasashe irin namu kuwa har yanzu tarin fuka ne kan gaba, kamar yadda yake a zamanin Addison, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa Najeriya cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yawa. Ƙwayar takan bi jini ta sauka a hular ƙoda, ta yi shekaru tana ci ba tare da mutum ya yi tari ko sau ɗaya ba. Hoton ƙirjin da aka ɗauke mu kafin a ba mu bizar zama, huhu kaɗai ya duba, kuma mai ɗauke da ƙwayar a kwance yana iya tsallake shi lafiya lau.

Sauran sanadai sun haɗa da ƙanjamau da cututtukan da ke biyo bayansa, da ciwon daji da ya yaɗu daga huhu ko nono, da zubar jini cikin tsokar. Wannan na ƙarshe yakan faru farat ɗaya a sanƙarau mai tsanani, irin wanda ya addabi Arewa a 1996. Akwai kuma na gado, wanda jarirai ke zuwa da shi, har yaro ya yi ta amai yana bushewa cikin makonnin farko.

Akwai wani mai kama da shi da ya kamata in ambata, ko da yake hanyarsa daban. Mayukan bilicin da yawa suna ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi, haka ma wasu ƙwayoyin ƙara ƙiba da na ciwon gaɓoɓi da ake saye ba da takardar likita ba. Wanda ya daɗe yana amfani da su, hular ƙodarsa takan daina aiki don jiki ya ga abin yana shigowa daga waje. Ranar da ya daina farat ɗaya, yana iya faɗuwa. Mai irin wannan hali ya je ga likita a rage masa a hankali.

Yadda ake gane shi a jikinmu

Babbar alamar da Addison ya dogara da ita ita ce duhun fata. Dalilinta shi ne, idan kotisol ya yi ƙasa, wata 'yar tsoka a gindin ƙwaƙwalwa takan yi ta aiko da sinadarin ACTH don ta zaburar da hular ƙoda, shi kuma idan ya yi yawa yana tayar da ƙwayoyin da ke ba fata launi. A jikin Bature, daga nesa ake hango wannan. A jikinmu kuwa, likitan da bai san ka da can ba zai iya kallonka bai ga komai ba.

Don haka aikin lura ya dawo kanmu da iyalanmu. Matarka ko mahaifiyarka ita ta san asalin launinka. A duba layukan tafin hannu, da gaɓoɓin yatsu, da gwiwar hannu, da sabon tabo, da cikin kumatu, da harshe, da dasashi. Da yawa daga cikinmu dasashinmu baƙi ne tun haihuwa, saboda haka sauyin ake nema: wurin da da can ja ne yanzu ya yi duhu. Tsohon hoto a waya yana taimakawa ƙwarai, a nuna wa likita na bara da na bana.

Sauran alamun su ne gajiya da ba ta jin hutu, rama ba dalili, rashin cin abinci, ciwon ciki, amai, ciwon jiki, jiri idan an miƙe tsaye, da kwaɗayin gishiri, har mutum ya riƙa lasar gishiri ko dunƙulen Maggi. Kowa ya ga yadda waɗannan suke kama da wasu abubuwa. A gida za a ce maleriya ce, ko taifot, ko olsa, idan abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a ce sammu ne. A nan kuwa za a ce aikin dare ne, ko sanyi, ko ƙarancin bitamin D, ko kewar gida.

Gwajin ba shi da wuya. Gwajin jini na yau da kullum yakan nuna sodiyam ya yi ƙasa, fotasiyam ya yi sama, wani lokaci sukari ma ya sauka. Likita zai auna bugun jini a kwance da a tsaye. Sannan a ɗebi jini tsakanin ƙarfe 8 da 9 na safe, lokacin da kotisol ya fi yawa a jiki. Idan ya yi ƙasa ko ana shakka, sai a yi gwajin Synacthen: a ɗebi jini, a yi allurar da ke kwaikwayon ACTH, a sake ɗiba bayan minti 30, wani lokaci har da minti 60. Lafiyayyar tsoka za ta amsa, kotisol ya tashi. Wadda ta lalace ba za ta motsa ba. Idan kuma ACTH na jikin mutum ya yi sama sosai, an tabbatar matsalar a hular ƙoda take.

Daga nan sai neman sanadi. Akwai gwajin jini da ke nuna ko garkuwar jiki ce ta juya. Idan ba ita ba ce, sai a ɗauki hoton CT na ciki da hoton ƙirji a nemi tarin fuka da sauransu. A nan nake roƙon 'yan uwa, ku gaya wa likita inda kuka taso, da ko kun taɓa yin tarin fuka ko zama da mai shi, da duk mai ko ƙwaya ko maganin gargajiya da kuke amfani da shi. Likitan da bai ji wannan ba zai yi lissafinsa ne da abin da ya saba gani a Turawa. Haka kuma, ɗaya daga cikin magungunan tarin fuka, rifamfisin, yana sa jiki ya ƙone kotisol da sauri, don haka mai shan sa da ya ji jiri da amai sun ƙaru ya koma asibiti ba tare da jinkiri ba.

A Manchester, likitan unguwa zai tura mutum sashen masu kula da sinadaran jiki, kamar na Manchester Royal Infirmary. A Birmingham akwai na Asibitin Queen Elizabeth. A gida kuwa, a nemi manyan asibitocin koyarwa: na Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Wanda aka tabbatar yana da ciwon zai sha haidirokotizon sau biyu ko uku a rana, da fuludirokotizon, har ƙarshen rayuwa, kuma zai yi aikinsa da aurensa da haihuwarsa kamar kowa. Idan ya yi zazzaɓi akan ƙara masa adadin, bisa tsarin da likitansa ya koya masa. Tun 2020 hukumar NHS take ba da katin gaggawa na masu dogara da sitiroyid, a riƙa yawo da shi. Idan amai ya hana shan magani, ko mutum ya ruɗe, ko ya suma, allurar haidirokotizon miligiram 100 ake yi nan take, a kira 999. Mai shirin azumi ko aikin Hajji ko zuwa gida lokacin zafi ya zauna da likitansa tun da sauran lokaci, kuma ya tuna addini ya yi wa maras lafiya rangwame.

Addison ya mutu bai ga ko mutum ɗaya da ya tsira daga ciwon da ya gano ba. Mu kuwa mun tarar da gwajin da maganin a shirye, saura mu lura da juna yadda ya riƙa lura da majinyatansa. Ina ba shugabannin ƙungiya shawara, a taronmu na gaba a ware rabin awa likitocin cikinmu su yi bayani a kan wannan, a naɗi muryar a aika wa 'yan uwa na gida ta WhatsApp.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti, Ya ƙara mana lafiya da zumunci. Amin.